Ɓeran da Ya Riga Ni Zuwa Dubiya

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka bayan azahar. Har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Sai na faɗi abin da ya kawo shi. Yayata Uwani, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, an same ta da ciwon daji a mama. An yi mata aiki, aka rubuta mata wata allura da za a fara ranar Alhamis mai zuwa. A layin asibiti wata mata mai ɗan karen surutu ta raɗa mata cewa da ɓera ake haɗa allurar, har da shi kansa ciwon dajin. Yaya ta ce ba mai tsira mata ita sai ni Mudi, da nake koyar da ilmin halittu a sakandare, na zo na faɗa mata abin da ke ciki da Hausar da take ji. Na ce ta ba ni kwana biyu. Jiya kwana goma sha ɗaya ke nan. Ina Funtuwa tana Bakori, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba, amma tun da aka sallamo ta ban taka gidan ba. In ta kira sai in tura saƙo in ce ina kan bincike.

Binciken kuwa darussa ne guda ashirin da huɗu na wata malamar jami'a a intanet, kan yadda ake samar da irin maganin da suke kira monokulonal antibodi. Don in gama da wuri na ninka saurin maganarta biyu. Na kishingiɗa a tabarma, waya a kan ƙirjina, malama tana ta zuba.

Sai ga ni a wani ofis mai fanka uku, duk suna juyawa amma iskar daga ƙasa take fitowa. A kowane tebur farin ɓera ne zaune. Na ƙarshensu ya sa hula da kwat, yana riƙe da hatimi.

"Me ke tafe da kai, malam?"

"Allurar yayata nake son in san asalinta."

"To, daga kaina aka fara," in ji shi. "An ɗebo ɗan abin da ke jikin ciwon aka yi mini allurarsa sau uku, har jikina ya koyi yaƙarsa. Da ya ƙware sai aka cire saifata, don a cikinta masu sana'ar yaƙin suke."

Ya buɗe kwat ɗin ya nuna mini wurin. An sa masa zif mai kyau.

Na ce, "Amma ranka ya daɗe, ɓeran da aka yi wa haka ai ba ya tashi."

"Na rasu tun ranar Litinin. Ba a turo wanda zai canje ni ba ne."

Ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, sai na yi masa ta'aziyyar kansa. Ya ce sai haƙuri, ya buga mini hatimi a goshi.

A bakin ƙofa na tarar da malamar tana jirana. Daga ƙirji zuwa sama kawai gare ta, kamar yadda na saba ganinta a waya, ƙasa kuwa babu komai, kana hango bango ta wurin. Hausa take yi irin ta Katsinawa, sai dai da saurin da na sa mata, ko numfashi ba ta ja. Muna cikin tafiya sai ta ƙame baki buɗe, wani ɗan zobe yana juyawa a goshinta. Duk garin ya tsaya tare da ita, har wata kaza da ta yi tsalle ta maƙale a iska. Na ɗaga hannu sama ina neman sabis, na hau wani dutse, sannan kowa ya ci gaba da harkarsa.

Muka ɓulla rumfar wani tela a kasuwa. Layi biyu ne a gabansa. A hagu wasu ramammun masassaƙa ne, kowa da 'yar wuƙarsa yana fere gwafa irin ta harbin tsuntsu.

"Waɗannan daga saifar ɓeran suka fito," in ji malama. "Kowanne gwafa iri ɗaya tak ya iya, mai kama wuya iri ɗaya tak. Gwanaye ne, amma ba wanda zai kai Juma'a a cikinsu."

A dama kuma wasu ƙattai ne masu sheƙi, cikin manyan riguna, suna ta hamma. Ina kallo ɗaya ya yi atishawa ya zama biyu.

"Su kuma fa?"

"Ciwon daji ne. Ba su iya komai ba, amma ba sa mutuwa."

Shekara goma sha shida ina zana irinsu a allo da alli, ban taɓa tsayawa kusa da su ba. Na gaban layin ya miƙo mini hannu, ya ce, "Malam Mudi, ya mai jiki?" Na ji kamar in shaƙe shi. Amma an gaishe ni, kuma a gaban mutane, sai na ji bakina yana cewa da sauƙi. Wannan amsar ta fi komai ba ni haushi a mafarkin.

Tela ya kira mutum ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama. Ya kwara musu wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya jera su a kan keke ya taka. Da ya ɗaga, mutum ɗaya ne ya miƙe, da hannun masassaƙi da tumbin ƙato.

"Yanzu ya iya aiki kuma ba ya mutuwa," in ji telan, yana cizge zare da haƙori. "Amma ɗinkin ba ya kama kowa. Wani in ɗinka ya warware, wani in haɗa shi da ɗan layinsu bisa kuskure. Ku je wajen Ladiyo ta tantance."

Ladiyo mai kunu ce, tana zaune a tsakiyar wani fili da tukunya ɗaya. Duk wanda ya baro rumfar tela sai ya sha ludayi guda. Ƙattan da ɗinki bai kama ba suna sha suna sacewa, har su koma riga zalla a ƙasa. Masassaƙan da suka rage su kaɗai suna sha lafiya lau, sai dai kafin su ajiye ludayin sun yi furfura, sun ba da wasiyya, sun kwanta. Ɗinkakkun ne kawai suke lashe baki suna neman ƙari.

"Malam zai taɓa?" in ji Ladiyo.

Na ce na ƙoshi.

"Haka kowa ke cewa," ta ce, ta ci gaba da share rigunan da tsintsiya.

Sai ga mu a wani gidan haya mai ɗaki casa'in da shida, duk a jere, ba rufi. Kowane ɗaki an sa ɗinkakke ɗaya, don kada gwafar wani ta gauraya da ta wani. Malama ta ba ni wani ɗan gunki mai wuya irin na ciwon Yaya, ta ce in bi ɗaki-ɗaki ina gwadawa. Gwafar wani ta yi faɗi, ta wani ta kama kunne, ta wani kuma ni ta cafke a maƙogwaro sai da na yi kakari. A ɗaki na hamsin da bakwai gwafa ta zauna a wuyan gunkin daram, na ja na ja ta ƙi fita.

"Shi ke nan," in ji malama. "Wannan za a yi ta haifa."

Mai ɗakin ya yi atishawa ya zama biyu, biyun suka zama huɗu. Kafin in gyara hula sun cika tsakar gida sun hau katanga, fuska ɗaya, murya ɗaya, gwafa ɗaya. Kuma kowannensu sai ya gaishe ni. "Ina wuni, ya aiki, ya iyali?" Na amsa wa ɗari uku da wani abu, na ce sauran su haɗa a gaisuwa ɗaya. Suka ce ba tarbiyyarsu ba ce.

Daga nan aka kwashe su zuwa wani tankin ƙarfe mai tsayin hasumiyar masallaci. Suna ciki suna ta fere, gwafofi suna zubowa sama kamar ruwan da ya ɓata hanya. A can sama wasu mata sun shimfiɗa babbar rariya. Gwafa tana wucewa, amma duk ɗinkakken da ya biyo sai rariya ta tare shi, a dungure masa kai ya koma ƙasa. Na tambayi malama warin ɓera fa, ta ce tun kafin a zo tanki an sake wa gwafar mariƙi an sa mata irin na ɗan Adam, bakinta kawai aka bari, don kada jikin mutum ya ɗauke ta baƙuwa ya kore ta. Abin da ya taru a ƙarshe ruwa ne garai a 'yar kwalba.

Nan na gane. Ba ɓera a cikin kwalbar, ba ciwon daji. Abin da suka sassaƙa ne kawai. Daɗi ya kama ni har na nemi rungumar malama, hannuna ya wuce ta ƙarƙashinta.

Ina juyawa na ci karo da ɓeran nan mai hula, yana riƙe da ledar da ba komai a ciki.

"Daga ina, ranka ya daɗe?"

"Daga Bakori. Lemo na kai wa Hajiya Uwani. Zuwana na biyu ke nan." Ya ninke ledar ya sa a aljihu. "Tela ya je, Ladiyo ta je da kunu. 'Yan ɗaki na hamsin da bakwai sun je a mota goma sha tara. Kai yaushe rabonka?"

Na ce ina kan bincike.

Ya dube ni da jajayen idanunsa. "Ni fa na rasu, malam, amma na samu lokaci."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma a gaban ɓera.

Sai na gan ni a tsakar gidan Yaya. Tana zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar lemon tsami tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, ɗayan ta tokare shi da matashi. Ta rame. Ɗankwalinta ya yi mata yawa. Wannan ne abin da na kwana goma sha ɗaya ina gudun gani, kuma a mafarkin na san haka sarai, ba wani bincike da zan laɓe a bayansa.

Na fara bayani. Saifa, tela, kunu, ɗaki casa'in da shida, rariya. Maganar tana fita da saurin nan ninki biyu, ba na iya tsayar da ita. Yaya ta miƙo yatsa ta danna mini goshi, sai na ƙame baki buɗe. Sannan na lura a tafin hannunta nake, cikin gilashin waya. Na kai ido ƙasa. Daga ƙirji zuwa sama kawai gare ni.

"Kubra," ta kira 'yarta, "zo ki ga, ga wani mai kama da kawunki a waya."

Kubra ta leƙo. "Shi ne mana, Umma."

"A'a. Nawa yana da ƙafafu. Da su ya riƙa bina har rijiya yana kuka." Ta ɓare gyaɗa ɗaya ta jefa a kwano. "Zancen ɓeran nan ai tuni wata nas ta warware mini shi. Ta ce Hajiya, in kin sha nono saniya kika haɗiya? Na ce a'a. Ta ce to haka ne. Ko minti biyar ba mu yi ba."

Ina so in ce to me ya sa kika sa ni wannan wahala, amma zoben nan yana ta juyawa a goshina.

"Na san halinsa," ta ci gaba, ba ni take kallo ba. "Tun yana yaro ba ya iya kallon mara lafiya. Na ce bari in ba shi aikin da ya iya, ya samu abin riƙewa a hannu in zai shigo. Ashe ƙofar gudu na buɗe masa." Ta ture kwanon gefe. "Tsoro nake ji, Kubra. Ba zan shiga ɗakin allurar nan ba in ba ya zaune a gefena. Ranar Alhamis ki ce musu na fasa."

Na yi ta buga gilashin da goshina. Ta duba wayar ta ce caji ya kusa ƙarewa, ta kifa ni a kan tabarma. Duhu ya rufe, ina ta bugu, ƙwan, ƙwan, ƙwan.

Na farka, ashe ragon maƙwabcina ne yake tunkuyar ƙyauren langa-langa. La'asar ta yi. Wayar ta zame gefen wuyana ta yi zafi, malama tana darasi na ashirin da uku ita kaɗai.

Na kashe ta, na kira Yaya. Ƙara ɗaya ta ɗauka, kamar wadda wayar ke hannunta.

"Salamu alaikum," ta ce a hankali. "Wa ke magana?"

Ni na saya mata wayar, ni na sa mata lambata da hannuna. Na ce Mudi ne, Yaya. Ta ce ta san wani Mudi da, amma an ce ya tafi karatu. Na maƙale wayar a kafaɗa, ina jin numfashinta, na shiga laluben makullin babur.