Rubutun Jikin Ƙwai

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina shugaban makaranta, shi ya sa har yau mutanen layinmu Hedimasta suke ce mini. Da na ajiye aiki, wata biyu na yi ina zaune a tsakar gida ina kallon katanga. Maman yara ta gaji da ganina, ta ce in nemi abin yi tun kafin in fara gyara mata yadda take yanka albasa. Sai na yanke shawarar kiwon kaji.

Ko tantabara ban taɓa kiwo ba. Amma na sayi wani ɗan littafi a kan kiwon kaji, na karanta shi sau biyu, na ja layi da jan biro a duk inda na ga muhimmanci. Maƙwabcinmu Kafinta, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu, shi ya buga mini akurki da katako da waya a bayan ɗakin girki. Na je kasuwa na zaɓo kaji huɗu jajaye, manya, da wani ƙaton zakara mai zanko kamar tafin hannu. Ranar da na kawo su, Kafinta ya leƙo ta saman katanga ya daɗe yana kallo.

"Hedimasta, waɗannan ai ba irin namu ba ne. Idan suka yi 'ya'ya, kada ka manta da maƙwabci."

Na yi dariya na ce in Allah ya yarda.

Maman yara kuwa zakaran ta tsaya tana dubawa. Ta ce, "Malam, wannan bai tsufa da yawa ba kuwa? Dubi ƙafarsa." Na buɗe mata littafina na nuna mata shafin da aka zana zakara lafiyayye, na ce ta kwatanta. Ta koma kan wankinta.

Bayan wata guda ɗaya daga cikin kajin ta fara kwanci. Ta daina fita, in ka miƙa hannu sai ta bubbuɗa gashi ta kai maka sara. Na tara ƙwai goma sha ɗaya, na rubuta wa kowanne lamba da fensir, daga ɗaya zuwa sha ɗaya, na jera mata su a kwando a kan busasshiyar ciyawa. Na je jikin kalanda na ƙirga kwana ashirin da ɗaya na zagaye ranar. Da yamma a bencin ƙofar gida, inda muke zama da tsofaffin layi, na sanar da kowa ranar da za a zo ganin 'yan tsaki. Har da wanda bai tambaya ba.

A rana ta tara, da hantsi, kazar ta sauka shan ruwa. Na durƙusa in duba ƙwan kamar yadda na saba. Goma sha ɗaya ne cif. Har zan tashi sai idona ya faɗa kan lamba bakwai.

Ni in zan rubuta bakwai sai na gitta mata ɗan layi a tsakiya, tun ina ɗalibi haka nake yi. Wannan bakwai ɗin ba ta da layi. Na ɗauki mai lamba huɗu. Tawa huɗun a buɗe take ta sama, wannan a rufe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. An yi ƙoƙarin kwaikwayon hannuna, amma mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana kama yaran da suka yi wa juna aikin gida ba a yi masa wannan. Kuma da na auna su a tafin hannuna, sun fi nawa ƙanƙanta, launinsu ya fi haske. A gefen kwandon kuma, a ƙasa, ga ɗan garin katako a zube.

Na mayar da su, na tashi a hankali, na dubi katanga. Wajen kusurwa akwai inda bulo biyu suka faɗi tun bara. Mutum mai tsayin Kafinta ƙafa ɗaya zai ɗaga.

Ban gaya wa kowa ba. Na san halin Maman yara, za ta ce in bar zargin mutane, kuma ita da matar Kafinta kamar 'yan uwa suke. Sai na yi niyyar in kama shi da hujja. Na ɗebi toka na barbaɗa a kewayen akurki. Washegari na duba, ban ga komai ba sai sawun kaji da sawun silifas ɗin Maman yara, wadda ke zuba musu ruwa. Na ɗaura zare siriri a inda katangar ta rushe. Kwana uku zaren yana nan. Na ce a raina, ai ya riga ya gama abin da ya kawo shi, me zai dawo yi.

Na koma ina zama a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida da jarida a hannu, kunnena yana gidan Kafinta. Duk kazar da ta yi kyarkyara a can sai in ji kamar a kan ƙwaina take. In ya gaishe ni a ƙofar gida sai in amsa a taƙaice. Wata rana ya ce, "Yaya mai kwanci, Hedimasta? Saura kwana nawa?" Na dube shi sosai na ce, "Ai kai za ka fi ni sani." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Dariyar ma sai da na saka ta cikin hujjojina.

Maman yara ta lura na canza. Ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce lafiyata ƙalau. Ta tambayi dalilin tokar, na ce maganin ƙwari ne, a littafi na gani. Ta kalle ni ta kalli tokar, ta wuce.

Rana ta ashirin da ɗaya na ɗauki kujera na ajiye a gaban akurki tun da safe. Har rana ta faɗi ba ƙwan da ya tsage. Washegari haka. A benci aka fara tambayata ko 'yan tsakin sun tsaya gyara kayan makaranta ne. Wani tsohon direba ya ce wataƙila suna jiran a kaɗa musu ƙararrawa. Na yi yaƙe. Kafinta yana wurin, bai yi dariya ba, ya ce, "Wani lokaci sukan ƙara kwana ɗaya ko biyu." Na ce a raina, dubi yadda yake share hanya.

A rana ta ashirin da uku haƙurina ya ƙare. Na sa hula na nufi shagonsa da ke bakin titi. Na tarar da shi yana goge ƙafar tebur, fensir a maƙale a kunnensa. Kafin in yi magana na dubi katakan da ke jingine da bango, inda yake rubuta awo. Ga bakwai nan, ba layi a tsakiya. Ga huɗu, a rufe.

"Kafinta, magana na zo mu yi, ta maƙwabtaka. Ina ƙwaina?"

Ya ajiye abin gugar. "Wane ƙwai, Hedimasta?"

"Goma sha ɗaya da na sa wa kazata. An kwashe an zuba mini wasu. Da ka roƙa, da na ba ka. Amma a tsallaka mini katanga, har a kwaikwayi rubutuna?"

Ya dube ni ido cikin ido. Akwai wata mata da ta zo karɓar kujera tana tsaye a gefe, ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba.

"Shekara nawa muna tare?" ya ce. "Lokacin da kuka yi tafiya wata guda, makullin gidanka a hannun wa ka bari?"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ga garin katako a gindin kwando, ga rubutunka."

Ya dubi katakon da nake nunawa. "Rabin mutanen garin nan haka suke rubuta bakwai." Ya ɗauki abin gugarsa. "Ka je gida, Hedimasta. Ba na son in faɗi abin da zan zo ina da-na-sani."

Na fito raina a ɓace, amma na fara shakka. Na sha tsayar da marasa gaskiya a gabana, na san yadda idonsu yake yi. Nasa bai yi haka ba.

Labari ya riga ni isa gida, don matar kujerar nan ta biya ta gidan Kafinta, matarsa kuma ta gaya wa Maman yara. Na tarar da Maman yara a tsaye a ƙofar sito da tocila a hannu.

"Malam, me ka je ka yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun kwana goma sha huɗu da suka wuce."

"Ɗauko ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin kazar ka biyo ni."

Na sha sara biyu kafin na zaro ɗaya. Muka shiga sito ta rufe ƙofa, wurin ya yi duhu. Ta kunna tocilar ta ɗora ƙwan a bakinta, ta kewaye da yatsunta. Cikin ƙwan ya yi ja. Fiye da rabinsa duhu ne, ga jijiyoyi sirara kamar zare. Ina cikin kallo sai duhun ya motsa.

"Ka gani? Da rai," ta ce. Ta miƙa hannu bayan buhun dusa ta ɗauko wani ƙwai a cikin tsumma, babba, da bakwai mai layi a jikinsa. Ta haska shi. Fayau yake kamar ruwa a kwalba. "Wannan naka ne. Duk goma sha ɗayan haka na same su a rana ta takwas. Zakaranka cara kawai ya iya. Tunda ya zo gidan nan ka taɓa ganin ya bi kaza?"

Littafin bai ce in lura da wannan ba.

"Na tashi a hannun kakata, kaji sun fi hamsin a gidanta," ta ce. "Na je wurin matar Kafinta na roƙi ƙwan kajinta, ta zubo mini a kwano da garin katako don kada su fashe. Ranar da ka je karɓar magani na canza su. Mijinta bai san komai ba. Ni na rubuta lambobin."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka zakaran ya tsufa, ka buɗe mini littafi. Kuma ka riga ka tara mutane a benci ka sa musu rana. Na ce in sun makara da mako guda, ka ce littafin ne ya yi kuskure, shi ke nan." Ta kashe tocilar. A cikin duhun ta ƙara da cewa, "Ni abin da ya ba ni mamaki, ka gane ba rubutunka ba ne, amma shekara talatin da aurenmu ba ka gane nawa ba."

Na tsaya da ƙwai mai ɗumin a hannu. Ita ce ta ce in mayar da shi kafin ya huce.

Da yamma na je ƙofar Kafinta na yi sallama. Matarsa ta fito ta ce ba ya nan, alhali ga kekensa a jingine. Washegari na je shago, ya amsa gaisuwata bai ɗago kai ba. Na ba shi haƙuri a gaban masu aikinsa, na faɗi abin da ya faru ban rage komai ba. Ya ce, "Ya wuce," ya ci gaba da buga ƙusa. Na san bai wuce ba.

Kazar ta rame, amma ba ta tashi ba. Maman yara ta riƙa kai mata ruwa da tsaki har bakin kwando. A rana ta ashirin da tara, da safe, na ji ɗan ƙaramin kuka daga ƙarƙashin fiffikenta. Na kira Maman yara muka durƙusa tare. Wani ƙwai ya huje, ɗan baki yana ta ƙwanƙwasa daga ciki. Na kai hannu in taimaka masa in ɓare ɓawon, ta buge mini hannu.

"Bar shi. In ka fito da shi da kanka ba zai yi rai ba."

Awa uku ya ɗauka kafin ya fito, jiƙe, kamar an tsamo shi daga miya. Zuwa la'asar takwas sun ƙyanƙyashe, uku sun zama baragurbi. Babu ja ko ɗaya a cikinsu: baƙaƙe biyar, wake-wake biyu, da wani fari mai tsiraicin wuya.

Bayan kwana biyu na zaɓi biyu mafi kuzari na sa a kwali na nufi gidan Kafinta. Wannan karon shi ya fito. Ya leƙa cikin kwalin, ya dube ni.

"Me zan yi da su?"

"Naka ne. Kai ka fara roƙa."

"Na roƙi jajaye. Waɗannan ai jikokin gidana ne ka dawo mini da su."

Matarsa ta leƙo ta bayansa, ta ga kwalin, ta riƙe baki. "Hedimasta, kwana biyu da ƙyanƙyashewa ka raba su da uwa? Sanyi zai kashe su kafin gobe. Maza mayar da su, sai sun yi wata biyu."

Na juya da kwalina. Na yi taku kaɗan sai na ji Kafinta ya ce, "Tsaya in ɗauko guduma. Wayar akurkin nan idonta ya yi faɗi, 'yan tsaki za su riƙa ficewa ta ciki." Ya shiga ya fito da guntun raga a kafaɗa. Muka jera zuwa gidana, 'yan tsakin suna ta kuka a cikin kwali.