Yatsan Auta

"Ba ta iya ba," in ji Anti.

"Ta iya. Jiya a gabana ta ƙirga har talatin."

"Ta rera har talatin dai. Aku ma in ka zauna da shi zai yi maka haka."

"Ƙanwar tawa ce aku?"

"Da bakinka ka faɗa. Ni ban ce ba."

A ƙofar ajin 'yan shekara huɗu muke tsaye. An tashi, iyaye sun kwashe nasu. Saura Auta, tana zaune a ƙaramar kujera ja da jakarta a baya, tana kallon bakina tana kallon na malamarta.

Anti ta koma cikin aji. Ta ɗauko gwangwanin murafen kwalba, ta zube biyar a kan tebur.

"Auta, ƙirga min."

Bakinta ya kama gudu. Yatsan na tsalle, ya taɓa wannan sau biyu, ya tsallake wancan. Kafin ta kai na ƙarshe ta ce tara.

"To nawa ne?"

Ta koma farko. "Ɗaya, biyu, uku..."

"Ka gani, Yaya?" Anti ta ce, murya ƙasa yanzu. "Sunayen ta sani, kamar waƙa. Ba ta san kowane suna da abinsa ba. Wa ya koya mata?"

Ni ne. Kullum da safe a hanya, muna tafe muna rerawa, duk wanda ya riga kaiwa talatin shi ya ci. Haka aka koya min, ban san da wata hanya ba.

Anti ta ce ranar Litinin za a gwada su. Wanda ya ƙirga abu goma ya faɗi nawa ne zai wuce aji na gaba. Sauran su zauna da sabbin zuwa, masu kuka. 'Yar tela, ƙawar Auta, za ta wuce, wannan ba shakka. Tun rasuwar Mama, Auta ba ta buɗe baki da kowa sai ni da 'yar tela.

"Ta taɓa kowanne sau ɗaya, ta ture shi gefe," in ji Anti. "Lambar ƙarshe ita ce amsa. Kana da kwana biyu."

Ban gaya wa Anti cewa Talata da safe zan shiga mota ba. Na samu aiki a wata masana'anta, tafiyar yini guda daga nan. Abokan ajinmu duk sun watse tun bara, ni kaɗai na rage a layin. Baba direban babbar mota ne, kwana biyu a gida, biyar a hanya. Matar maƙwabcinmu ta ce za ta dinga kai Auta tana ɗauko ta tare da nata uku. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Asabar da hantsi na sauko da gwangwanin maɓallan Mama daga saman kwaba. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa bakin cokali. Na zube su a ƙasa, a inda rana ke shigowa ta taga. Akwai na riga, akwai manya baƙaƙe na kwat ɗin Baba, akwai wani kore guda ɗaya da ban san daga ina ya fito ba.

Na jera huɗu. Auta ta ce bakwai.

Na jera uku. Ta ce shida, ta yi dariya.

"Ba wasa muke ba."

"Yaya, hancinka na gumi."

"Bar hancina. Sake."

Ta sake, yatsan ya sake guduwa. Sai na kama shi. Ɗan ƙarami ne, ɗumi gare shi, farcen duk alli. Na ɗora shi kan maɓalli na farko na danne.

"Ɗaya."

Muka ture shi gefe. Na ɗaga yatsan, na ɗora a na biyu. Ba na sakin sa sai ta faɗi lamba, ba na bari ta faɗi wata sai mun sauka a kan wani. Uku. Na ce nawa ne. Ta dube ni.

"Me kika ce a ƙarshe?"

"Uku."

"Shi ke nan. Uku ne."

Ta buɗe ido kamar na nuna mata wata ƙofa a bangon ɗakin.

Muka wuni a kai. Cokula, takalma a bakin ƙofa, tsoffin batura, matakalar bene. Lahadi muka kai goma. Da zarar na zube abu sai ta miƙo min yatsa, na kama, mu tafi. Sau goma na gwada ta, sau goma ta faɗa daidai. Na soya mata ƙwai biyu. Jakata na bayan ƙofa a ɗaure, ba ta tambaya ba, ni ma ban gaya mata ba.

Baba ya dawo da la'asar, idonsa ja, yana warin mai. Na ce ya zo ya gani. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu har muka kai goma.

"Madalla," ya ce. "Malam ya samu ɗaliba." Ya shiga ya kwanta.

Litinin ya ce zai raka mu, tunda motar na gareji. Bai taɓa shiga makarantar ba, har sai da na nuna masa ƙofar. Anti ta gaishe shi, ta ce mu tsaya a waje. Muka tsaya jikin taga.

Yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar tela ta gama nata kamar ta sha ruwa, ta koma ta zauna tana kaɗa ƙafa. Aka kira Auta.

Anti ta zube murafe goma.

"Bismillah, ƙirga."

Auta ta ɗaga yatsa. Ta miƙa shi gefen dama, inda nake zama. Ta tsaya haka.

"Ƙirga mana, 'yar gari."

Yatsan na sama. Ta juya ta miƙa wa Anti.

"A'a, da kanki."

Wani yaro ya ce, "Anti, fitsari take son zuwa," ajin ya fashe da dariya. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dinga duba ƙofa, ta duba bayan kujera. Ban san lokacin da na ja baya daga tagar ba. Da na sake leƙawa ta sauke hannun, ta cusa shi tsakanin gwiwoyinta. Ko ɗaya ba ta ce ba.

Bayan an tashi Anti ta fito da ita, riƙe da jakarta.

"Riƙe mata hannu ka yi ko?"

Na ce e.

"Kwana biyun duka?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ja numfashi. Na zaci za ta yi min irin ta ranar Juma'a, ba ta yi ba.

"Bakin ya daina gudu, wannan ma ci gaba ne. Amma yau ba zan iya rubuta ta wuce ba. Zan roƙi shugaba ta ba ni wata ɗaya, in sake gwada ta ita kaɗai. In ta yi, ta bi ƙawarta." Ta dubi Baba. "Ba wani abu mai yawa ba ne. Minti goma kullum da yamma. Mutum ya zauna kusa da ita, ya zube abu, ya naɗe hannunsa, ya jira. Ko ta ɓata kada ya taɓa ta. Amma kullum, ban da tsallake."

Baba na juya makullin mota a hannu. Auta ta zo ta tsaya jikin ƙafata. A bakin ƙofa 'yar tela na ɗaga mata hannu daga bayan keken babanta.

Anti ta buɗe littafinta, ta cire murfin biro.

"To, a cikinku wa zai dinga zama da ita?"