Tabarmar da Peni Ya Lulluɓa da Ita

"Baba, yi shiru ka huta," in ji Tanielu, babban ɗan gidan, adda na jingine a gwiwarsa.

Tun hantsi Peni ke durƙushe a kan ciyawar ƙofar gida, lulluɓe da tabarmar neman gafara, rana tana gasa shi. Motarsa ce ta buge autan tsoho Pouono har lahira. A al'adarsu, muddin mai gida bai ce a yaye tabarmar nan ba, to ba a yafe ba, jini na nan. Ga mai gidan kuwa kwance, numfashi sama-sama.

Lupe maƙwabciya ta shigo da ruwan kwakwa. Tun rasuwar matar Pouono take zama da shi da la'asar, tana kankarar kwakwa, shi yana ta zuba, ita dai "to" da "uhm". Ta san idan zai faɗi abu mai nauyi sai ya yi kewaye.

Yau kam kowa baki ya buɗe. Fasto na addu'a, mata na kuka. Tsoho na motsa leɓe, sai su riga shi.

"Ruwa yake so," in ji wata mata.

"Cewa yake a rama," in ji Tanielu.

"Kai Tanielu, a hannuna ka girma. Rufe min baki!" in ji Lupe.

Ta zauna a kan tsakuwar da aka shimfiɗe ɗakin da ita, ta kara kunne a bakin tsohon. Tsoro ya kama ta, don in ramuwar ya ce, ita za ta faɗa.

"Ni da uban Peni… kwalekwale ɗaya…"

"Uhm."

Ya yi shiru har mata suka fara salallami. Lupe ta ɗaga hannu ta tsayar da su.

"Rana ta yi wa yaron nan yawa. A yaye," in ji Lupe, tana maimaita abin da ya raɗa mata.

"Haba Inna, ke kika ƙaga!" in ji Tanielu.

"Zo da kunnenka. Amma ka bari ya gama."

Tanielu ya sunkuya, ya daɗe a haka. Sai ya miƙe ya fita, adda ta zame ƙasa ba wanda ya ɗauka. Gidan ba shi da bango, ta tsakanin ginshiƙansa suka ga ya kama bakin tabarmar da hannu biyu ya ɗaga.

Da ya dawo, leɓen tsohon ya daina motsi. Lupe tana nan a sunkuye, kunnenta a bakinsa.