Muryar da Ba Ta Tari

…kuma sulɓin wayar ma bai kwanta mata ba. Ba maɓalli, ba murfin da za a ɓalle a ga ciki, sai idanu uku a baya. Wa suke kallo? Kulu na zaune bakin gado, wayar na kan cinyarta, ƙullun kisra, wainar dawa ta Sudan, na can yana tsami ba ta waiwaye shi ba.

Uzairu ne ya aiko, in ji 'yarta Huda. Ɗanta na fari, tun kafin damina ya tafi haƙar zinari arewa, shiru, shiru… sai ga waya cikin kwali, sai ga saƙon murya duk Juma'a.

Ta danna inda ƙanwar tasa ta koya mata.

"Inna, ina gaishe ki. Ina cikin ƙoshin lafiya."

Inna? Tun yaushe? Yaron da bakinsa ya buɗe da kiranta Yumma, irin na Larabawa! Wanda in ya fara magana da Hausa, kafin ya kai ƙarshe Larabci ya ƙwace ta — ubansa har ya koma ga Allah yana faɗa kan wannan. Yanzu ga Hausa tas, kamar ta mai karanta labarai. A ramin zinari ya koyo ta? Kai!

Muryar kam tasa ce, ba ta musu. Har ɗan kaushin nan. To ina tarin? Tun yana goye yake da shi, ita ta san ganyen da ta dafa, ta san hanyar asibitin Abu Hujar da ƙafa… Wannan ba ya tari. Ba ya ko jan numfashi. Bayansa ba iska, ba injin, ba wani ƙato da ke kiran a zo a ci abinci.

Hashim mai gyaran waya, ranar kasuwa, yana ta yabon irinta: wai kamfanin da ya yi ta, gini kawai ya yi ya bar ƙofa buɗe, kowa na iya ƙera manhajarsa ya zuba. Wata ta duba ganyen auduga ta faɗi cutarsa. Wata, a ba ta tsohuwar muryar mutum, a rubuta magana, ta faɗa da bakinsa — dariya yake, ita ma a lokacin ta yi dariyar.

Tsohuwar murya. Wa ke da tsofaffin saƙonninsa? Wa ya iya rubutu a gidan nan?

A'a. Astagfirullah. 'Yar da ta haifa?

Tana tsoro, tsoro ƙwarai. Ta ce a kira shi su yi magana baki da baki, an ce can ba sabis. Kullum ba sabis. In ta tsare Huda ta tambaya, ta san yarinyar ba ta iya ƙarya ido da ido… to daga nan fa? Juma'a ta zo, wayar ta yi shiru?

Ga motsin Huda a tsakar gida, tana ɗaure dabino cikin leda, za ta kai ƙofar masallaci. Sadaka. Ba ta ce ta wa ba.

Kulu ta buɗe baki… ta rufe. Ta sake danna saƙon.