Fedar da Glenda Ta Cire

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Asabar tsohon giyabos ya rabu da injin. Kosta ne a ƙarƙashin motar, kwance a kan kwali, ya tallabe shi da jak yana zagin wanda ya ɗaure notin ƙarshe.

"Ni na ɗaure shi," in ji Glenda Marusic. "A 1991. Sauke shi a hankali, ba buhun dankali ba ne."

Tana zaune a kan akwatin madara a bakin garejinta da ke Whyalla, sanye da gajeren wando. Daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙafarta ta hagu ƙarfe ce da baƙar roba. Wata takwas ke nan da likitocin Adelaide suka yanke ta saboda ciwon suga. Sabon lasisin da aka ba ta ya zo da ƙarin layi guda: mota mai canza giya da kanta kawai za ta tuƙa.

Motarta kuwa Charger ce ta 1972, ƙofa biyu, launin ruwan lemo, giyar hannu huɗu. Sati shida ita da Kosta, tsohon mai walda da suka yi makaranta tare, suna tara kayan da za su mai da ita otomatik. Gobe Lahadi ƙungiyar masu tsofaffin motoci za ta yi fitarta ta shekara zuwa Cowell.

Suna jawo sabon giyabos ɗin sai Trevor Hillam ya shigo, da koren littafi a hammata. Shi ne magatakardan ƙungiyar, shi ke duba motocin kowace shekara. A littafin nan ake rubuta motocin da ba a taɓa yanka ko sauya musu komai ba tun fitowarsu daga masana'anta. Guda goma sha bakwai ne. Kowace tana da tambarin tagulla a gabanta, kuma ranar fita su ke jan ayari bisa jerin lambobinsu. Ta Glenda ce lamba huɗu.

Trevor ya dubi giyabos biyun a ƙasa, ya cire hula.

"Ashe da gaske ne."

"Wa ya kai maka?" Kosta ya tambaya daga ƙarƙashi.

"Matarka, a kantin burodi."

"Shi ke nan, har can birnin Darwin an ji."

Trevor bai yi dariya ba. Ya ce kwamiti ya zauna jiya. Sun amince a ɗora motar a tirela gobe, a sa ta a gurbinta na huɗu, Glenda ta zauna a gaban motar da ke ja. Ko kuma ɗan'uwansa ya tuƙa mata, yana da hankali da kuloci.

"In zauna a gefe ina riƙe da kwandon abinci," in ji Glenda.

"Ba haka nake nufi ba."

"Shekara ashirin da tara na tuƙa bas ɗin makaranta, Trev. Har 'ya'yanka na ɗauka, ƙaramin ya yi mini amai sau biyu. Ba wanda zai ja ni kamar akuya zuwa kasuwa."

Ta miƙe, ta dafa ƙofa, ta zame cikin kujerar direba. An riga an naɗe kafet. A kan tudun da ke tsakanin kujerun gaba, Kosta ya zana layi da alli: sai an faɗaɗa ramin sandar giya da kamar yatsa uku kafin sabuwar ta zauna. Duk sauran aikin ana iya mayarwa da sifana. Wannan ne kaɗai ba ya komawa.

Trevor ya leƙo ta taga, ya rage murya, ko da yake ba kowa a garejin sai su uku.

"Saurara. Kafet zai rufe yankan. Ki bar fedar kulocin a inda take, ba sai an haɗa ta da komai ba. Kosta ya ɗaura tsohon kan sandar a bisa sabuwar, mai lambobin giya. Duk wanda ya leƙo zai ga feda uku. Ni kuma bayana ya daina barina shiga ƙarƙashin mota tun bara, kowa ya sani."

Ƙarar sifana ta tsaya a ƙasa.

"Kai, Trevor Hillam," in ji Kosta. "Kai da ka cire motar Dino daga littafin saboda ya sauya madubi guda?"

"Dino yana da ƙafa biyu."

Glenda ta dubi Trevor. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙafar ƙarfen da bayan yatsa.

"Ka ga na sa mata safa?"

"Glenda."

"A asibiti sun so su ba ni mai launin fata, har da yatsu. Na ce su ba wani. Yanzu kai kuma ka zo mini da ƙafar ƙarya ta mota."

"Taimakonki nake so in yi. Lamba huɗu fa. Shekara nawa kina goge tambarin nan?"

"Sannan kowace shekara ka tsaya kana kallon sama in ka zo kan motata, ni kuma ina yi maka godiya da ido. A'a. Kosta, miƙo injin yankan."

"Bari in yanka miki, hannuna ya fi sabawa."

"Miƙo, tsoho."

Ya miƙo ta ƙofa, da tabarau da jiƙaƙƙen bargo. Ta rufe kujeru, ta sa tabarau, ta ɗora faifan injin a kan layin alli. Yankan bai kai minti biyu ba. Tartsatsi ya yi ta faɗawa kan ƙafar hagun, ba ta janye ta ba. Guntun ƙarfen ya faɗa kan kwali kusa da kunnen Kosta, ya sake wani zagin da Girkanci.

Trevor ya buɗe littafin a kan bonet, ya nemo shafi, ya ja layi da rula. Ya rubuta kwanan wata a gefe. Glenda da kanta ta kwance tambarin tagullar, sukurori biyu, ta sa a tafin hannunsa. Sannan ta kwanta rabi a ƙasan sitiyari, ta zare fedar kulocin. Robar ta cinye ta gefe guda, daidai inda takalminta ya saba sauka.

"Haɗa da wannan."

"Me zan yi da ita?"

"Ka kai wa kwamiti."

Bai tafi ba. Ya ajiye littafin a kan firji, ya naɗe hannun riga, ya riƙe musu fitila. Da rana suka ci burodi da tsiran nama a tsaye. Sau biyu ya gaya wa Kosta ya ɗaure bututun mai a karkace, sau ɗaya yana da gaskiya.

Ƙarfe biyar da rabi suka sauke motar daga kan jak. Injin ya tashi a murɗa ta biyu. Kosta ya tsaya a baya yana duba ko wani abu na ɗiga. Trevor ya zauna a kujerar kusa da direba, da fedar a kan cinya.

Glenda ta ja sandar giyar zuwa baya, motar ta ɗan zabura ta tsaya a kan burki. Ta fita titi a hankali, ta bi hanyar bakin teku.

"Kin san tsarin gobe," in ji Trevor. "Na littafi a gaba. Sauran a baya, bisa jerin rajista. Ke ce ta ƙarshe da ta shiga sahunsu, don haka ta talatin da ɗaya. Bayan motar Dino."

"Daga baya zan tashi," ta ce. "Ban ce a baya zan isa ba."

Titin ya miƙe. Ta taka totur, ƙarar injin ta hau zuwa inda kunnenta ya sani shekara arba'in. Ƙafar hagun ta ɗaga da kanta, ta tafi neman kuloci, ta bugi ƙarfen ƙasa: ƙwas. A daidai lokacin motar ta shiga giya ta biyu.

Trevor ya dubi ƙafar, ya mai da idonsa kan titi.

"Ta ɗan yi saurin canzawa," ya ce.

"Na ji," in ji Glenda. "Za mu gyara kafin safe."