Kwaɗo a Ƙofar Ruwan Pruitt

Onofre Quintana ya danna kwaɗon har ya ji ya kama, sannan ya jijjiga ƙofar ƙarfen da ke tare ruwa don ya tabbatar. Ruwan da ke shirin karkata zuwa gonar Pruitt ya yi ɗan kewaye, ya miƙe ya bi babbar magudana.

Shi ne sarkin ruwa, mai raba wa gonaki ruwa a wannan ƙauye na New Mexico, shekara goma sha ɗaya ke nan ana zaɓensa. Dokar kowa ya san ta. Kafin a saki ruwan da ke gangarowa daga duwatsu, akan ware rana guda kowane mai gona ya fito da shebur a yashe magudana, ko ya turo wani a madadinsa. Wanda bai fito ba, ba shi da ruwa a shekarar. Ba a rubuta wa kowa takarda. Ranar Lahadi bayan an fito daga coci sarkin ruwa kan tsaya a bakin ƙofa ya faɗi ranar da Sifaniyanci.

Garland Pruitt ba ya zuwa coci, ba ya jin Sifaniyanci. Bara ya taso daga Denver ya gyara gidan kakanninsa, ya dasa tuffa ɗari biyu. Onofre ya wuce ta ƙofarsa sau uku a makon yashe magudana, ya ɗaga masa hannu, bai tsaya ba.

Da tsakar rana matarsa Eloisa ta dire masa wake da barkono a gabansa.

"Na ji ka ci yaƙi, janar," ta ce. "Sai dai ka makara da shekara ɗari da saba'in."

"Doka ce."

"Dokar da ka ɗaga wa Melecio bara don ya sha giya ya kwana a mota?"

"Melecio ɗan uwana ne."

"Su itatuwan me suka yi maka, tsoho?"

Ta san labarin kamar yadda ya sani. Lokacin da sojojin Amurka suka ci New Mexico, mutanen kwarin suka yi bore, aka kama kakan kakansa aka rataye. Bayan wasu shekaru aka manna takarda da Turanci a ƙofar kotu, wai duk mai fili ya zo ya nuna hujja. Matar mamacin ba ta iya karatu ba. Gonar ta koma hannun wani soja mai suna Pruitt.

Mako uku babu ko ɗigon ruwan sama. Ranar Talata Garland ya sami Onofre a bakin magudana, hula a hannu, wuyansa ya yi ja da rana.

"Dattijo Onofre, itatuwan suna mutuwa. Arba'in sun riga sun bushe. Ka ba ni shebur, ni kaɗai zan yashe daga nan har gada."

"An gama yashewa."

"Ba wanda ya gaya mini ranar."

"An faɗa."

"A ina?"

"A ƙofar coci. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji."

"Ai ka san ba na jin yarenku."

Onofre ya ciro wata ciyawa da ta maƙale a jikin kwaɗon, ya yar. "Akwai wata mata da ba ta jin naku," ya ce a hankali. "Ita ma an ce an sanar."

Garland ya dube shi. "Ban san ta ba. Shi sojan ma ban san shi ba, sai a hoto."

"Gonar ta san shi."

Onofre ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa can ƙarshen gonar, kusa da rusasshiyar katangar laka. Tsohuwar tuffar nan tana tsaye, wadda matar ta dasa da hannunta, ta sha karyewa tana sake tohowa daga saiwa. Yana yaro mahaifiyarsa kan tsallaka da shi shinge su tsinci 'ya'yanta, tana cewa ba sata ba ce. Yanzu ganyenta ya nannaɗe, rabi ya zube.

Ya taɓa makullin a aljihunsa. Ya cire hannu.

Washegari da hantsi Eloisa ta gan shi yana saka bokiti biyu a bayan mota.

Ya cika su a magudana, ya tsallake shingen da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ya bi ta tsakanin layukan ƙananan itatuwan, ruwa na tangaɗi, yana kaffa-kaffa kada ya zube a gindin ko ɗaya. Garland ya sauko daga baranda ya biyo shi.

Onofre ya durƙusa a gindin tsohuwar, ya tona ɗan rami da hannu, ya tsiyaye bokitin farko a hankali har ƙasa ta shanye.

"Kawo in ɗauko maka wani," in ji Garland.

"Bari," ya ce. "Wannan ba taka ba ce."

Ya jawo na biyu.