Saƙon da Ya Riga Mutuwa

Ni dai koyarwa na sani, a wata firamare a Batsari. Aikin bincike da ƙafarsa ya zo ya same ni. Wasu malaman jami'a ne ke son jin yadda manoman bakin daji ke noma cikin wannan rashin tsaro, suna neman wadda tsofaffi za su saki jiki da ita. Da kwamfutar hannu da suka ba ni na ɗauki muryar mutum arba'in da uku a Ruma da Karare. Sun kuwa yi magana, har da sunayen masu kai wa mutanen daji mai da burodi.

Shugaban ayarinmu, Malam Tayyib, mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Kullum maganarsa ɗaya: a da tsarin kula da bayanai takarda ce, a cike ta a jefa a durowa, amma yanzu manhaja ce mai aiki da kanta. Duk abin da ka rubuta za a yi da bayanan, shi take zartarwa, ba ta neman shawarar kowa.

Wani dattijo a Ruma, Baba Jinjiri, shi ya kafa mana sharaɗi. Ya ce, "Ɗiyata, in na mutu a binne muryata tare da ni. Ban son ina kabari ana jin maganata a duniya." Sauran suka ce su ma haka. Malam Tayyib ya ji daɗi kamar an yi masa bushara, ya shigar da sharaɗin cikin tsarin. Duk wanda aka danna wa "ya rasu" a kwamfutar, manhajar za ta goge muryarsa daga ma'ajiyar jami'a, sannan ta turo mini saƙo a waya.

Laifina kuma ga shi, ba zan ɓoye ba. Wata rana da hantsi aka tare motarmu a hanyar Safana, aka kwashe jakunkunan fasinja, har da kwamfutar. Lambar sirrinta kuwa a bayanta take, na manna da salatif don kada in manta. Kunya da tsoron tuhuma suka sa na ce wa Malam Tayyib ta lalace, tana wurin mai gyara. Na ce a raina, me ɓarawo zai yi da surutun tsofaffi?

Bayan wata biyu, ranar wata Talata ina cikin aji, saƙo ya shigo: an goge muryar Ashafa na Karare, bisa ga tsari, saboda ya rasu. Na yi salati, na kira matarsa don yin ta'aziyya. Allah ya sa ban riga na furta ba ta ce, "Ga shi nan yana cin tuwo, in ba shi?" Na yi dariya, na ce na'ura ma tana da nata shirmen.

Ranar Alhamis aka harbe Ashafa a gonarsa ta gyaɗa. Ba a taɓa babur ɗinsa ba, ba a ɗauki komai ba.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Wayar ma tsoronta nake ji, sai na kife ta a ƙarƙashin littattafai. Ran Litinin ta yi ƙara, na duba: Jinjiri na Ruma.

Nan take na kira Malam Tayyib na faɗa masa komai, ina kuka. Da ya duba manhajar sai ya ce, "Malama Bara'atu, babu aljani a nan. Daga kwamfutarki aka danna, duka biyun. Wanda take hannunsa ya saurari muryoyin, ya gane yadda abin yake aiki. Yana goge shaidar da ke wurinmu, sannan ya je ya gaskata abin da ya danna." Ya ce yanzu zai toshe kwamfutar, kada ta sake taɓa ma'ajiyar. Na ce ya toshe, don Allah ya toshe.

Na bar ɗalibai, na hau ɗan acaba zuwa Ruma. Na tarar da Baba Jinjiri a ƙofar gida yana tufka igiya, lafiyarsa ƙalau. Na durƙusa, muka gaisa har ƙarshe, don ba mutumin da ake yanke wa gaisuwa ba ne, sannan na kwashe komai na gaya masa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na ji sauƙi.

"Ashe har an yi mini sutura ban sani ba," in ji shi. Na roƙe shi ya tafi wurin 'yarsa a Safana, yau ba gobe ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ce zai tafi bayan azahar. Sai ya dube ni. "To sauran hwa? Mu nawa kika ɗauka?"

"Saura arba'in da ɗaya, Baba. Amma an toshe kwamfutar."

"Toshewar na hidda maganarmu daga cikinta?"

"A'a, Baba. Abin da ke ciki yana ciki."

"To in sun zaɓi na gaba, mi zai gaya maki?"

Na ciro wayar da na yi kwanaki ina gudu, na riƙe ta da hannu biyu ina duba. Babu saƙo ko ɗaya, kuma ba za a sake samu ba.